Ranar da Muka Yi wa Malam Amshi

In dai ina numfashi, ba zan manta da ranar da maigidana Malam ya karanta waƙar rijiya a ƙauyenmu Mai Yara ba. Shekarar nan rijiyarmu ta rufta, mu mata sai mun yi tafiyar rabin wuni kafin mu cika tulu. Maigari ya kira gayya, maza suka yi ta noƙewa, don rijiyoyin wajenmu zurfi gare su, kowa na tsoron ƙasa ta binne shi. Sai Malam ya ce zai tsara waƙar da za ta zaburar da su.

Ya rubuta ta da ajami, kuma wallahi ta yi daɗi. Ni karatuna bai wuce na salla ba, amma kunnena ba ya zubar da abu. Yana bita a zaure, ina kaɗi a tsakar gida, har na haddace ta. Abu ɗaya ya dame ni: karanta ta yake kamar tilawar allo, kai a sunkuye, yana rangaji, baiti na hawa kan baiti. Na ce masa waƙa fa kamar tuwo take, loma-loma ake cinta. Ya yi dariya ya ce in ji da mazarina.

Ran kasuwa bayan la'asar aka taru gindin gawo, manoma da Fulani da Buzaye masu raƙuma. Gidanmu na kusa, muna daka a bayan darni. Malam ya soma, hanci cikin takarda, yana ta zuba karatu da gudu. Ta kafar darni na hango wani tsoho yana gyangyaɗi, wani Bafillace ya ɗauki sandarsa zai tafi. Na ce a raina, in taron nan ya watse, ba rijiya sai baɗi.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Yana kai ƙarshen baiti, na buga taɓarya na rera amshin: "Ku zo mu haƙa, ruwa na ƙasa!" Maƙwabtana suka karɓa da lugude. Malam ya yi cak, ya ɗago kai, sai a sannan ya ga fuskokin mutane. Tilas kowane baiti ya jira mu gama, jiran nan kuwa shi ya bar magana ta shiga kunne. Bafillacen ya koma ya zauna. Kafin a kai tsakiya har maigari yana amshi.

Da Malam ya shigo gida na shirya shan faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ke wa ya aike ki?"

Na ce, "Ƙishirwa, Malam."

Ya cije leɓe don kada ya yi dariya, ya ce in ba shi fura. Washegari da hantsi maza suka fito da igiya da kwanduna, suna haƙa suna rera amshin nan.

Tun ranar na gane, mai karanta wa jama'a ya ɗaga kai, ya bar musu gurbin sa baki. Maganar da mutum ya sa bakinsa a ciki, tasa ce.