Keken da Ba a Kifawa

Likita ake ce masa, amma marasa lafiyarsa duk masu taya biyu ne da sarƙa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran keke a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar kantin magani. Ba wani abu a rumfar sai benci mai ƙafa uku da rabi, bokitin ruwan neman huji, gwangwanin madara cike da 'yan ƙwallayen ƙarfe na boris, da tsofaffin tayoyi rataye a ƙusoshi. Amma duk mai keke a wannan yanki ya san hanyarta.

Yadda yake aiki shi ya jawo masa sunan. Kafin ka gama gaisuwa ya karɓe keken daga hannunka, ya kife shi a kan sirdi da kai, tayoyi suna kallon sama. Sai ya juya feda da hannu, ya kara kunne, ya lumshe ido. Ba ya tambayarka abin da ke damun keken, kuma in ka fara bayani sai ya ɗaga maka yatsa.

"Keke a tsaye maƙaryaci ne," in ji shi. "Sai ka kife shi yake faɗin gaskiya."

Kuma ba cika baki ba ne kawai, don da wuya kunnensa ya yi kuskure. Matsalar ita ce shi ma ya san haka, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Sai zamani ya zo ya wuce ta gaban rumfarsa ba ko sallama. Masu kai saƙo, waɗanda su ne rabin cinikinsa, suka koma keke mai lantarki ɗaya bayan ɗaya. Sukan wuce shiru, ba ƙara ba gumi, su ɗaga masa hannu daga nesa. Shi kuwa sai ya taɓe baki ya ce keken malalata ne. Matarsa ta gaji da jin wannan magana, ran nan ta ce masa, "In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Kai kuwa har yanzu kana taka wadda makaɗanta suka tashi." Ya yi kamar bai ji ba.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta ɗauko hannunsa. A rumfar ta yi wayo, tana miƙa masa sufana tun kafin ta iya ɗaure takalmi. Ta yi makarantar koyon sana'a, kuma wata biyu ke nan da wani kamfani mai sayar da keke mai lantarki ya ɗauke ta. Gwaji ake mata tukuna, sai bayan wata uku za a ce ta zauna ko ta tafi. Duk gidan sun san haka, har ba a son yin maganar da ƙarfi.

Ita ce ta same shi a rumfa wata ranar Laraba da yamma, yana zaune ba aiki, yana goge sufanar da ba ta yi datti ba.

"Baba, akwai baje kolin kekuna ranar Asabar. Kamfaninmu na da rumfa. Suna neman tsofaffin hannu da za su koya wa gyaran irin namu, ni kuma na cika wa manajanmu kunne da labarinka."

"Ni za a koya wa keke?"

"Ka dai zo ka gani. Gani ya kori ji."

Ya ce zai duba. Amma ranar Asabar tun da safe ya wanke hannu sau uku da sabulu, ya sa kayansa masu kyau da yake ajiyewa a ƙasan akwati. Baƙin da ke ƙarƙashin faratansa ne kawai ya ƙi fita. Da zai bar gida ya zura ɗan makullinsa na ɗaure wayoyin taya a aljihu, ba don komai ba sai don bai taɓa fita ba shi ba.

Zauren baje kolin ya fi duk abin da ya zata. Fitilu ko'ina, shimfiɗa ja a ƙasa, kekuna a jere suna ƙyalli, wasu har an rataye su a sama kamar kayan ado. Babu warin giris ko kaɗan. Ya ji kansa baƙo a cikin sana'ar da ya tsufa a cikinta. Can ya hango Auta cikin rigar kamfani, tana yi wa wasu mutane bayani da hannu, su kuma suna gyaɗa kai. Zuciyarsa ta yi fari, amma bai bari fuskarsa ta nuna ba.

Manajan ya fita tarbo wani babban baƙo, don haka Auta ta jawo masa wani keke ruwan toka, wanda ta ce shi kaɗai ne irinsa da suka kawo. Ta nuna masa batirin, ta nuna masa ɗan allon gilashi da ke tsakiyar kan keken, mai nuna gudu da sauran caji. Ta ce ya zaga filin gwaji da ke gefe.

Feda ɗaya ya taka, sai ya ji kamar wani ƙato ya turo shi daga baya. Gwiwarsa ta hagu da ta shekara biyar tana masa ciwo ta yi shiru. Dariya ta kuɓuce masa, ya yi sauri ya haɗiye ta kada wani ya gani. Keken malalata, ashe daɗi gare shi. A zagaye na biyu ne kunnensa ya tsinci wani abu a tayar baya, ɗan ƙaramin sauti da ke zuwa yana ɗaukewa. Duk hayaniyar zauren ba ta hana shi ji ba.

Da ya dawo, wasu masu tambaya sun riga sun janye Auta. Ya tsaya riƙe da keken, sautin nan yana masa ƙaiƙayi a kunne. Ya ce a ransa, ga dama ta samu. Kafin manajan ya dawo zai gano ciwon, ya tarbe shi da shi, a san cewa ba ɗalibi aka gayyato ba. Ya tura keken bayan babban allon tallan rumfar, inda shimfiɗa ta ƙare sai siminti mai ƙura da kwalaye.

Sabo turken wawa. Hannuwansa suka kama keken yadda suka saba kama dubbansa, suka juya shi. Sai dai wannan ya ninka na rumfarsa nauyi, ya kuɓuce masa a rabin hanya, ya sauka a kan kai da ƙarfi. Ya ji wani ɗan ƙas, amma hankalinsa na kan taya. Ya juya ta, ya kara kunne, ya bi wayoyin da yatsa. Guda biyu sun saki, kamar yadda ya zata. Har murmushi ya yi.

Sai da ya mayar da keken tsaye ya ga allon. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, lambobin sun ɗauke, ya koma baƙi ƙirin. Ya danna maɓallin da Auta ta nuna masa. Ya sake dannawa. Ya goge gilashin da hannun rigarsa, kamar tsagewa na fita da guga.

Wannan ɓarna kowa na iya yin ta. Abin da ya biyo baya ne Likita bai taɓa zaton zai yi ba. Ya leƙa, ya ga ba mai kallonsa, ya tura keken ya mayar da shi cikin jeri. Sannan ya matsa rumfar da ke kusa, ya ɗauki wata hular kwano yana jujjuya ta, sai ka ce saye zai yi.

Ba a jima ba manajan ya dawo, wani siririn mutum mai saurin magana, tare da baƙonsa, shugaban wani kamfanin kai saƙo. Kai tsaye suka nufi keken nan ruwan toka. Manajan ya danna maɓalli, ya sunkuya, fuskarsa ta canza. Baƙon ya dubi agogo, ya ce bari ya leƙa sauran rumfuna, ya wuce.

Manajan ya kira Auta. "Mene ne wannan? Wa ya taɓa keken nan?"

Auta ta dubi allon. Sannan ta dubi sirdin. Saman sirdin ya yi fari da ƙurar siminti, kuma babu yadda za a yi ƙura ta hau saman sirdi sai in an kife keke. Wadda ta girma a rumfar Likita ba ta buƙatar a faɗa mata wannan. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta share ƙurar a hankali, kamar dafawa kawai ta yi.

"Ni ce, ranka ya daɗe. A hannuna ya faɗi."

Manajan ya wanke ta tas a gaban mutane. Ya ce guda ɗaya tak suka kawo, ya ce ta kunyata shi gaban baƙon da ya yi wata yana nema, ya ce ranar Litinin za su zauna a kan maganar aikinta. Tana tsaye kanta a ƙasa. Taku uku ne tsakaninta da mahaifinta, shi kuwa yana riƙe da hular kwano, harshensa ya yi nauyi kamar batirin keken.

"Ina ma baban naki da kika dame ni da yabonsa?" in ji manajan.

Ba ta ko waiwaya ba. "Bai iso ba tukuna."

Likita ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ajiye hular, ya bi ta cikin mutane ya fita.

A waje ya zauna a kan dakali kusa da tsohon kekensa da ya ɗaure a jikin ƙarfe. Kunya iri biyu ce ta haɗu masa, kuma ta fasa gilashin ita ce ƙarama. Ya tuna wata rana Auta tana 'yar shekara bakwai, ta fasa fitilar keken wani malamin makaranta, ta tura ɓaraguzan ƙarƙashin benci. Shi da kansa ya riƙo hannunta ya tsayar da ita gaban mai keken, tana kuka, sai da ta faɗa da bakinta. A ranar ya gaya mata cewa mai gyara yana iya ɓata abu, amma ba ya ɓoye ɓarna. Ya daɗe yana ba mutane wannan labari yana alfahari. Yau ga shi ya tura nasa ɓaraguzan ƙarƙashin 'yarsa.

Ya kwance keken zai tafi gida. Ya sake ɗaure shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tafiyar daga ƙofa zuwa rumfar ta yi masa tsawo fiye da duk wata tafiya da ya taɓa yi. Ya tarar da manajan yana magana a waya, Auta tana jera takardun talla da ba su buƙatar jeri.

"Ranka ya daɗe, ni ne mahaifinta. Ni na fasa abin nan. Kife keken na yi a bayan allon can, yadda nake yi a rumfata. Kuma ina tsaye a nan lokacin da kake mata faɗa."

Manajan ya sauke wayar. Ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai ne Likitan? Keke mai allo a ka, kai kuma ka kife shi?"

"Ni ne." Wasu da ke kusa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya bar dariyar ta gama sauka a kansa. "Laifin nawa ne, kada ka taɓa aikinta. Sannan wayoyi biyu sun saki a tayar baya. In aka ɗora masa kaya, ba zai yi wata ba tayar za ta karkace."

"Sabo ne fil, daga kwali."

"Ko daga kwali ne, sun saki."

Ya ciro ɗan makullinsa ya matsa. Hannuwansa suka nufi sirdi da kan keken, suka kama.

"Baba," in ji Auta.

Ya tsaya. Ya sake keken. Sai ita ta ɗaga bayan keken da hannu biyu, tayar ta bar ƙasa, shi kuma ya durƙusa a kan shimfiɗar da kayansa na ƙasan akwati, gwiwar hagu tana ƙara. Shekara talatin da huɗu keke ke kwanta masa, yau shi ya durƙusa wa keke. Ya juya tayar, ya nuna wa manajan wayoyin, ya ce ya taɓa da kansa. Manajan ya taɓa, suka yi motsi a ƙarƙashin yatsansa. Likita ya ɗaure su, ya sake juyawa, sautin ya ɗauke.

Manajan ya sake taɓa wayoyin. Sannan ya ce wa Auta ta zo aiki ranar Litinin kamar kullum, amma kada ta ƙara yi masa ƙarya ko don wa. Ya juya ga Likita. "Kai ma ka zo in kana so. Sai dai daga farko za ka fara, daga yadda ake riƙe shi. Kuma ita ce ke koya wa sababbi."

Da aka tashi, suka fito tare. Bai hau kekensa ba, turawa ya yi, tana tafe a gefensa. Sai wajen kantin magani, da rumfarsa ta bayyana a rufe, ya iya buɗe baki.

"Kin gan ni sarai a wurin hulunan nan. Me ya sa kika ce ban iso ba?"

"Ai ba ka iso ba, Baba," ta ce. "Sai daga baya ka shigo."

Ya ci gaba da tura keken, yana kallon tayar gaba. Da suka kai ƙofar gida ya tambaye ta ƙarfe nawa ake fara darasin ranar Litinin, kuma ko ana zuwa da littafin rubutu.