Injin da Na Saya wa Kawu

Kawuna tela ne, ƙanen mahaifiyata, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafafunsa sun zauna lafiya ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. A ciki akwai teburin yanka, da madubi mai tsaguwa a gefe, da baƙin keken ɗinki na takawa wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Shekara talatin da ɗoriya yana taka keken nan. Ko a mota ya zauna, ƙafafunsa ɗinki suke yi. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake ce min Uwata, ni kuma na riƙe muƙamin hannu bibbiyu, har faɗa nake yi masa.

Da na fara aiki sai tausayinsa ya kama ni. Na sayo ɗan injin lantarki, aka ɗaura wa keken, aka cire bel ɗin takawa aka rataye a ƙusa. Yanzu sai dai ya ɗan danna da yatsan ƙafa, allura ta yi ta gudu. Kawu ya sa min albarka har na ji kunya. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin injin kafin a gwada shi. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Shekara biyu ya yi a zaune kamar alƙali. Ya yi tumbi, muka ce hutu ne ya karɓe shi. Matarsa ce ta tona masa asiri. Ta ce in zai tafi shago sai ya tsaya sau huɗu a hanya yana gaisuwar da ba ta da dalili, alhali sharaɓarsa ce ke ɗaurewa. Ƙafar hagu kullum sanyi ƙalau, ga wani ɗan miki a babban yatsa da ya ƙi warkewa. Ban saurari musunsa ba, na sa shi gaba sai asibiti.

Likitar ta gane da tela take magana, sai ta bi da shi ta sana'arsa. Ta ce kowace jijiyar jini tana da shafi a ciki, kamar na riga, amma siriri ƙwarai. Idan jini na gudu sosai yana gogar shafin, sai shafin ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksaid, wanda ke sa jijiya ta saki ta buɗe, ya kuma hana jini kamewa a jikinta. Idan mutum ya zauna wuri ɗaya, gudun ya ragu, sinadarin ma ya ragu. Ta ce shekaru da hawan jini ne suka fara ɓarnar, zama ya ƙarasa. Ta rubuta magani, ta ɗora masa tafiya kullum, sannan ta faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba cewa in jinin bai koma ƙafar ba, yatsan nan zai iya tafiya.

Daga nan ta tambaye shi ko wani abu ya canza a aikinsa a 'yan shekarun nan. Kawu ya kalle ni ta wutsiyar ido, ya ce babu. Ni ma, don rashin gaskiya, ban ambaci injin ba.

Bayan wata uku na biya shagon da rana ba tare da na yi waya ba. Tun daga kwanar titi na ji tsohuwar ƙarar nan da na tashi da ita, ƙaƙas-ƙaƙas. Mai aski na hango ni ya kama wani irin tari, har wanda yake yi wa aski ya tsorata. Ashe shi ne ɗan leƙen asirin Kawu, tarin nan sanarwar zuwana ce. Kafin in shiga ƙarar ta mutu, na tarar da Kawu a durƙushe yana kiciniyar cire bel, zufa na zuba. Injina kuwa yana nan a ɗaure, an goge shi tas, har 'yar riga ya ɗinka masa.

Ashe tun daga ranar asibiti ya koma takawa, ban da tafiyar da yake yi safe da yamma. Duk ranar da na ce zan zo, sai ya cire bel ya haɗa injin ya zauna yana dannawa yana yabonsa.

“Uwata,” ya ce yana kakkaɓe zare daga gwiwarsa, “abu na farko da kika saya da guminki ke nan. Ban so ki ga kamar na raina.”

Raina ya ɓaci, amma da kaina nake fushi. Mutum yana neman ceton yatsansa, yana kuma lallaɓa zuciyata. Na leƙa wurin mai gyaran agogo na ari abin kwance noti, ya miƙo min wani kamar tsinken sakace, dole aka nemo babba. Da hannuna na kwance injin na ɗora shi a kan kanta, cikin rigarsa. Yana nan har yau, kuma har yau duk mai ɗinki sai an nuna masa shi.

Da na gama, Kawu ya zare takalmin hagu ya miƙo ƙafar. Mikin ya bushe, saura tabo. Ya ce in taɓa in ji.

Na taɓa. Da ɗumi.