Asabar ta Ƙarshe a Hanyar Zariya

Badarawa zuwa Kawo

Ana idar da sallar asuba na turo babur ɗina daga zauren gidan da muke haya a Badarawa. Damina ce, shekara uku da barin fam da sule aka koma naira. An kwana ana ruwa, lungunmu duk ya zama taɓo. Matata Rabi ta fito da jakarta a hammata. Na ce ta kawo in ɗaure a baya kamar kullum, ta ce a'a, yau a hannu za ta riƙe. Maƙwabcinmu Malam Iro tela yana dawowa daga masallaci, ya ce, "Masu Zariya, yau ma?" Na ce yau ma. Ya ce a gaida Inna.

Duk unguwar an san kusan kowace Asabar muna zuwa Zariya gaida mahaifiyata, har ana yabona wai ɗa mai zumunci. Ni dai ina karɓar yabon nan ba musu, amma kafin bara sai in yi wata uku Inna ba ta ga ƙeyata ba. Abin da ya mai da ni mai zumunci 'yarmu ce ta fari. Sunan Inna aka sa mata, don haka ake kiranta Uwani. Da lokacin yaye ya yi, Inna ta zo da kanta ta ɗauke ta kamar yadda aka saba, aka ce sai ta manta nono a dawo da ita. Ta manta nono, ta fara manta mu ma, ba wanda ya sake ta da zancen. Mu kuwa ba mu da bakin tambaya. 'Yar fari ce. Rabi ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ni ma sai dai in saci kallonta ina yi kamar kaji nake dubawa.

To ga shi na samu sabon aiki a Maiduguri, daga ƙaramin akawu zuwa babba, har da gidan gwamnati. Laraba motar kaya za ta zo. Maiduguri ba garin da ake zuwa Zariya daga can ran Asabar a koma Lahadi ba ne. Ko dai mu taho da Uwani a wannan zuwan, ko kuma sai hutun shekara.

A Kawo 'yan sanda sun tare hanya da ganguna. Wani kofur da ya gaji da ganinmu ya ɗaga hannu tun daga nesa, ya ce, "Malam, kai da Zariya sai Allah. Wuce." Muna wucewa Rabi ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, ka yi wa Baffa maganar?" Na ce tun wancan makon na yi. Baffa Sule ƙanen mahaifina ne, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifina, kuma irin wannan magana ba ɗa ke kai wa uwarsa da bakinsa ba.

Katabu da Jaji

A Katabu muka tsaya wurin wata mai koko da ƙosai da ke gindin mangwaro. Na ci nawa, na ci rabin na Rabi, don ta ce ba ya wuce mata. Daga nan hanya ta miƙe, gonakin masara da dawa hagu da dama, sun yi kore shar. Wajen Jaji muka shiga bayan jerin motocin soja, ba halin wucewa, sai shaƙar hayaƙi. Mil hamsin ne tsakanin Kaduna da Zariya, na san kowane rami a cikinsu kamar ni na haƙa, amma ranar sai na ga hanyar ta ƙaru. Hantsi ya ɗaga muka shiga Ƙofar Doka.

Birnin Zariya

Muna sallama na hango Uwani a tsakar gida tana dafa ƙasa a gwangwani. Ta ɗago ta dube mu, ta ruga ta ɓuya bayan zanen Inna. Rabi ta wuce ta gefenta kamar ba ta ga kowa ba, ta durƙusa ta gaida Inna. Matar Baffa ta ce, "Rabi, ga 'yarki fa, ba kya magana?" Rabi ta ja gyale ta rufe fuska, mata suka yi dariya. Haka ake yi duk zuwa, kowa yana jin daɗin wasan in ban da mu biyu.

Na koma zaure wurin Baffa. Sai da muka gama zancen damina, da tsadar taki, da yadda mutanen Barno suke cin abinci da yawan mai, sannan ya ce, "Na faɗa mata."

"Me ta ce, Baffa?"

"Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sai dai ta ce a sayo mata sabulu."

Na rasa inda zan sa wannan amsa. Kafin la'asar kuma gida ya cika, don labari ya bazu cewa za mu yi nisa, dangi suna ta zuwa sallama. Cikinsu har da Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, wadda ta taso daga Tudun Wada da tabarmarta da butarta, ta sauka a ɗakin Inna. Gwaggo mace ce mai kirki in an zo rabon abinci, amma bakinta ba ya barin kowa ya wuce lafiya. Aka yi tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Ni na kwana a shagon zaure, Rabi a ɗakin matar Baffa.

Lahadi da safe

Bayan an karya, na shiga cikin gida don mu yi sallama. Mata sun fi goma a tsakar gida, wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na tsinkar rama. Rabi na durƙushe a gefe, jakarta a cinya. Inna na zaune a kan turmi, Uwani a jikinta. Sai Inna ta ɗaga murya kamar mai faɗa, ta ce, "Rabi, an ce garin nan da nisa. Ko za ku tafi da wannan mai ƙiriniyar? Ni ta ishe ni."

Murna ta kama ni, har na fara lissafin yadda za mu zauna mu uku a kan babur. Kafin kowa ya motsa Gwaggo Asabe ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "To bari mu ji. An ce 'yan Kaduna a tasha suke barin kunyarsu. Yanzu sai ta ce a miƙo mata."

Duk ido ya koma kan Rabi. Ta sunkuyar da kai tana zanen ƙasa da yatsa. Da ƙyar aka ji muryarta.

"Ni me zan yi da ita, Inna? Ai taki ce."

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, "Madalla! 'Yar mutunci! An yi tarbiyya." Gwaggo da kanta ta ce ta janye maganarta, a Kaduna ma ashe akwai 'ya'yan mutane. Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai fa?" A gaban gwaggona da matan gidanmu, bayan uwar yarinya ta gama magana, me ya rage wa uba? Na ce, "Yadda kika gani, Inna." Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san ma da wa nake fushi ba.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Na ba ta ɗan lokaci na bi ta don in karɓi addu'a. Na same ta zaune a bakin gado tana kwance wani ƙunshi. 'Yan rigunan Uwani ne, an wanke an ninke, da ɗan kofinta na sha, da zanen goyonta. Ashe abin da aka yi da sabulun ke nan. Tana ɗaukar su ɗaya ɗaya tana mayarwa cikin kwalla, hawaye na zuba, tana murmushi.

Ta ce, "Allah ya yi wa matarka albarka. Jiya ban runtsa ba. Tun da mahaifinka ya tafi, in ba yarinyar nan ba da wa nake magana a ɗakin nan?"

Na durƙusa ta dafa kaina ta yi mini addu'a mai tsawo. Da muka fito za mu hau babur, matar Baffa ta ɗago Uwani ta ce ta yi wa baƙi sai wata rana. Ta ɗaga mana hannu, bakinta duk gyaɗa.

Komawa Kaduna

Ruwa ya tare mu dab da Katabu, muka fake a rumfar wani mai gasa masara. Rumfar na yoyo. Rabi ta cire gyalenta ta lulluɓe jakar, ita kuwa ruwa na sauka a kanta. Mai masara ya ce, "Uwargida, zinari ne a ciki?" Ta ƙara rungume jakar. Daga Ƙofar Doka har Badarawa ba mu yi magana ba, sai da na ce ta sauka mun iso.

Laraba, motar kaya

Da sassafe motar ta tsaya a bakin titi, don lungunmu ba ya shiguwa. Maƙwabta suka taya mu fito da gado, da kwanukan jeren Rabi, da buhun dawa, aka ɗaure babur a tsakiya aka rufe da tamfol. Malam Iro ya kawo mini hula sabuwa, matansa suka rungume Rabi ana ta koke-koke. Direban mutumin Barno ne, Malam Bukar, mai yawan goro da yawan zance. Muka zauna gaba mu uku, Rabi a bakin taga.

Kofur ɗin Kawo ya leƙo ya gan ni, ya ce, "Yau kuma da gado za a gaida tsohuwa?" Na ce tashi muka yi. Ya ce Allah ya sa a dace, ya janye ganga.

Hanyar Maiduguri ta Zariya take bi. Wannan ne ban yi tunani ba sai da na hango ganuwa. Malam Bukar ya rage gudu ya ce, "An ce nan ne garinku. In tsaya ku leƙa?"

Na dubi Rabi. Ta ce, "A wuce, Malam. An riga an yi sallama."

Ya taka mota. Can ya ce, "Ba a samu ƙaruwa ba tukuna?" Na ce akwai ɗaya, tana wurin kakarta. Ya ce, "Haka ya fi. Ɗan fari a hannun iyaye lalacewa yake yi. Ni nawa sai da ya yi gemu ya san ni ne ubansa." Ya yi dariya shi kaɗai. Rabi ta juya fuskarta waje, ba ta juyo ba sai da muka shiga Kano.

Kano zuwa Potiskum

A Kano muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake a bakin tasha. Bayan Wudil taya ta fashe, muka zauna gindin wata tsamiya ana faci. Daga Birnin Kudu ƙasa ta fara sauyawa, itatuwa suna raguwa, dawa tana gajarcewa, gero yana yawa. Magariba ta wuce muka shiga Potiskum. Malam Bukar ya sauke mu gidan wani amininsa mai sayar da fatu. Mutanen kirki, suka ba Rabi wuri cikin mata, suka kawo mana fura mai sanyi, da safe kuma suka ƙi karɓar ko kwabo.

Maiduguri

Muka bi ta Damaturu, hanya shimfiɗe ba tudu ba kwari, zafi kamar ba damina ba. Da la'asar ran Alhamis muka shiga Maiduguri, gari mai yawan itatuwan dogon yaro. Gidan da aka ba ni ɗaki biyu ne da falo, ga famfo a tsakar gida, abin da ba mu taɓa samu ba a Badarawa. Aka sauke kaya, Malam Bukar ya yi sallama ya tafi.

Ina jan akwati zuwa ɗaki na biyu na tarar da Rabi zaune a ƙasa, ta buɗe jakar nan. 'Yan takalma ne na roba, jajaye, masu maɗauri, an ɗaura musu tsinken tsintsiya da zare. Na gane tsinken. A zuwanmu na kafin na ƙarshe na ga ta karya shi a tsakar gidanmu na Zariya lokacin da Uwani ke barcin rana, ashe ƙafarta ta auna. Ta kai shi kasuwa a Kaduna ta sayo takalman da yarinyar za ta sa ta hau mota.

Na zauna kusa da ita. Na ga bai kamata in ci gaba da riƙe abin da na gani ni kaɗai ba. Na ce, "Rabi, Inna fa da gaske take. Ta riga ta ɗaure kayanta. Na gani da idona."

Ta ce, "Na sani. Tun da na shiga gaishe ta da safe na ga ƙunshin a bayan ƙofa."

"Kin gani? To don me kika ce haka?"

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja. "Gwaggo na zaune, Malam. Matan gidanku duka na zaune. Da a ɗaki ta tambaye ni, daga ni sai ita, da na ce ina so." Ta juya takalmin a hannunta. "Uwani," ta ce a hankali. Ranar na fara jin sunan a bakinta, a ɗakin da ba kowa sai ni, mil ɗaruruwa daga mai sunan.

Mun iso lafiya, mun gode wa Allah. Ina gode wa Malam Iro da mutanen Badarawa da suka ɗora mana kaya, da mai masaukinmu na Potiskum, da Malam Bukar da ya kawo mu ko kwano bai fashe ba. Aiki na kama ran Litinin, hutu kuma sai baɗi. Na ce wa Rabi mu nemi mai zuwa Zariya ya kai takalman. Ta ce a bari, in an gan su za a san ita ta saya. Suna nan a kan tagar ɗaki na biyu, kuma kafin mu je sun yi mata kaɗan.