Wanda Ya Ka da Jatau

A wani ƙauye kusa da Tabla na tashi, a hannun kakata Gambi, wadda ta haifi babana. Idan aka gama girbi, gero ya shiga rumbu, da an ci tuwon magariba sai ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Mahaifinta makaɗin kokawa ne, saboda haka labaranta ba su cika nisa da fage ba. Ba ta farawa sai kowa ya yi shiru, sannan ta ce, "To, ga ta nan tahe. Wanda bai shirya ji ba shi tashi."

Akwai labari guda da ban taɓa so ba, na Tanko, ubangidan ƴan kokawar wani gari. Shi ke horar da samari, shi ke zaɓen wanda zai shiga fage. Cikin yaransa akwai Jatau, wanda ba a taɓa kayarwa ba. Wata shekara maƙwabtan garin suka gayyace su wasa. Saura kwana uku, Jatau ya gurɗe gwiwa a gona. Ya je ya gaya wa Tanko a ɓoye. Tanko ya duba, ya ce ya ɗaure ta da tsumma, ba komai.

Ranar wasa abokin karawar Jatau ya gane ƙafar da ke masa ciwo. Makaɗa ba su gama kirari ba aka maka Jatau da ƙasa.

Da suka koma gida, jama'a ta taru ƙofar mai gari. Mata suka fara yi wa Jatau waƙar zambo, dattawa na cewa a tuɓe masa layu, kada ya sake shiga fage da sunan garin. Jatau na zaune, kai a sunkuye. A nan kaka take rage murya.

"Sai Tanko ya miƙe, ya cire hulatai. Ya ce, 'Ba mutumen can ya ka da Jatau ba, ni na ka da shi. Na san ƙahwatai ba ta lahiya, na tura shi, don ina son makaɗa su ambaci sunana.' Nan take anka karɓe shugabancin, anka ba wani. Tanko ya koma gonatai har ya mutu."

Na taɓa ce mata, "Kaka, wannan labari ba shi da daɗi. Mi Tanko ya samu?"

Ta dube ni ta ce, "So kake a ba shi saniya? Jatau bai bar gari ba. Shi ke nan abin da ya samu."

Na girma, na yi lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, na buga ƙwallo har gwiwoyina suka gaji, daga baya na zama kocin wani kulob a Yamai. Mai tsaron gidanmu Isufu ne, mutumin Baleyara, yana da mata da ɗiya guda, ƙwallon nan ita ce abincinsa. A wasan ƙarshe na wata shekara, wanda in muka faɗi za a sauke mu rukuni na ƙasa, ya same ni ya nuna mini wuyan hannunsa a kumbure. Na ce a naɗe shi, ya daure. Ban yarda da mai tsaron gidanmu na biyu ba, kuma ina tsoron rasa aikina.

Ƙwallo mai sauƙi ce ta suɓuce masa ana dab da tashi, ta shiga raga, muka faɗi. Bayan wasa ɗan jarida ya miƙo mini makirfo, shugaban kulob na tsaye a gefena. Na ce mun yi iya ƙoƙarinmu, amma mai tsaron gida ya kashe mu. Ban ambaci hannun ba. A makon nan aka sallami Isufu, ni kuma aka bar ni.

Wata takwas na yi ina gaya wa kaina cewa haka sana'ar take. Amma yaran sun daina kawo mini ciwonsu. Suna gaishe ni, suna bin umarni, ba wanda ke duban idona.

Ranar wata kasuwar Baleyara na je nemansa. Na same shi a rumfar kawunsa yana auna gero. Ya tashi ya ba ni benci, ya kawo ruwa, muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Da ƙyar na ce, "Isufu, na zalunce ka. Ka yahe mini."

Ya daɗe yana gyara bakin buhu. Sannan ya ce, "Koci, na yahe maka tuntuni. Amma a rediyo ka hwaɗi waccan, babana ya ji, surukaina sun ji. Wagga kuma ni kaɗai na ji ta."

Da na koma Yamai na nemi ɗan jaridar nan, na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Kulob ya sallame ni, kuma ban ga laifinsu ba. Isufu bai koma ƙwallo ba. Hannun bai gyaru sosai ba, don wasan da na sa shi ya ƙara ɓata shi.

Yanzu ina horar da samari a Filinge. Nakan tuna cewa ina yaro na ɗauka labarin Tanko labarin asara ne. Sai da na tsaya inda ya tsaya na gane cewa duk wanda ke zaɓen mai shiga fage zai ga ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma mafi sauƙi shi ne wanda ya riga ya faɗi. Tanko ya yi magana tun Jatau na zaune a gaban jama'a. Ni sai bayan wata takwas na yi, lokacin da maganar ba ta iya mayar wa mutum sana'arsa.