Bangon da Yake Cizo da Magariba

Edita, ina gaisuwa. Ni tsohuwa ce yanzu, haƙora sun tafi sun bar ni, jikata ce riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Amma a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, yarinya ce ni ɗanya sharaf, 'yar manomi daga Tsafe, mai tsiwa, wadda ba a faɗa mata ɗaya ba ta rama da biyu ba. Maigidana mutumin Bungudu ne, yana awon gyaɗa da auduga a wani kantin Turawa. Aka ba mu ɗaki a bayan kantin, tsohon ɗakin ajiyar buhuna ne, ginin ƙasa, wanda aka yi ta yi wa yaɓe shekara da shekaru har bangonsa ya yi kauri. Kantin yana da injin wuta, abin da mutane kan tako daga ƙauye don su gani. Rana na faɗuwa ake tayar da shi, a kashe bayan lisha. Fitila takan kama a gidan Bature, da gaban kanti, da kan wani dogon itace a bakin ƙofa inda mai gadi yake zama. Mu namu ɗakin sai aci-balbal, amma hakan bai hana ni hura hanci ba in na je ganin gida, kamar ni na ƙera injin.

Da damina na haifi ɗiyata ta fari. Mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya, don haka uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ta taso daga Bungudu ta zo yi mini wankan jego. Mace ce gajera mai faɗa, ba ta iya yabon mutum a gabansa, amma ba ta taɓa bari kununa ya huce ba. Tana fama da faso a ƙafa, shi ya sa duk damina ba ta rabuwa da dangarafai, takalman nan na katako, kana jin ƙwas-ƙwas ɗinta tun daga zaure. Safe da yamma take dafa ruwa da ganyen runhu, ta zaunar da ni a tsakar gida jikin bangon ɗakinmu, ta yi ta fyaɗa mini har sai na yi kuka na zage ta a zuci.

Wata ranar wankan yamma ya yi latti, har an kira magariba. Na yunƙura zan miƙe, jiki ba ƙwari, na dafa bango da jiƙaƙƙen hannu. Wani abu ya fizge ni tun daga tafin hannu har cikin haƙorana. Na ƙwalla ihu na faɗa cikin taɓo. Inna ta ɗauka kunama ce, ta kawo fitila ta duba, ba komai. Ta shafa bangon da hannunta, tana tsaye a kan dangarafanta, ta ce ita ba ta ji ko sauro ba. Maigidana ya dawo daga masallaci da takalminsa na fata, shi ma ya shafa, ya yi dariya ya ce raki ne irin na masu haihuwar fari. Da safe ni kaina na taɓa, bango lafiya lau. Amma da magariba ta sake yi, ya sake cizona, kuma daga ranar babu wanda ya ƙara dariya.

Ku da kuka tashi da wuta a ɗakunanku kuna iya cewa mu wawaye ne. To ku sa kanku a wurin Inna. Ga mai jego, wadda kowa ya san jikinta a buɗe yake, iska na saurin shigarta. Ga abu ba ya zuwa sai da magariba, lokacin da ake kore yara daga waje saboda masu wucewa da ba a gani. Ga shi ba wanda yake jinsa sai ita. Me ya rage a faɗa? Aka ce aljanin bango ne ya aure ni. Aka kai ni Tsafe wurin Babana, aka yi ta ba ni jiƙe-jiƙe, na yi garau, don can ba abin da yake taɓa ni. Aka dawo da ni, abu ya dawo. Aka wuce da ni Bungudu wurin wata tsohuwa mai magani, ta lulluɓe ni da zane ta turara ni har na shiɗe. Daga nan wani malami ya ba da ruwan addu'a, ya ce a riƙa yayyafa wa bangon kullum kafin rana ta faɗi. Inna ba ta yin abu rabi da rabi, sai ta riƙa ƙara ruwa a kai tana sheƙa wa bangon har yana tsiyaya. Allah Ya tsare bakina, ban ce laifin addu'a ba ne. Amma tun da aka fara jiƙa bangon nan, cizon ya ninka, har in na taka ƙasar gindinsa sai in ji tafin ƙafata yana zugi.

Duk wannan na iya jurewa. Abin da ya karya ni shi ne ranar da Inna ta zare ɗiyata daga ƙirjina, ta ce nonon mai iska ba ya shiga cikin jikarta. Aka koma ba ta madarar akuya. Ina zaune a bakin ɗaki, nono ya cika yana zuba har ya jiƙa zanena, ina jin kukanta a bayan Inna, ba dama in matsa. In na yi magana a ce aljanin ne yake magana, in na yi shiru a ce ya riƙe mini harshe. Sai na ji suna shawara da maigidana cewa in kasuwar Bungudu ta zagayo, ƙannensa mata za su zo su tafi da yarinyar, a raine ta can har Allah Ya ba ni lafiya. Na san in ta tafi, ta tafi ke nan. Ba a mayar wa mahaukaciya ɗa.

Tsoron nan ne ya sa na fara lura. Tunda ba ni da aikin yi sai zama, na gane cewa bangon ba ya jiran kiran salla, ƙugin injin yake jira. Ranar da injin ya lalace, magariba ta zo ta wuce ba abin da ya taɓa ni. Na ce a raina, wane irin aljani ne wannan da yake hutu tare da injin Bature? Daga nan na shiga bin sawunsa. Da injin ya tashi, Inna ta shiga salla, sai in lasa bayan ɗan yatsana in riƙa gogawa a hankali a jikin bango. Wani wuri shiru, wani wuri ɗan tsikari, wani wuri kuwa sai na cije leɓe don kada ihu ya fita. Duk inda ya fi zafi, in ɗiga masa gawayi. Da ɗige-ɗigen suka yi yawa na haɗa su, sai ga layi miƙaƙƙe sambal kamar magini ya ja igiya. Ya sauko daga kusurwar da ɗakinmu ya jingina da kanti, ya bi ta saman inda nake wanka, ya ratsa gindin wata doguwar ƙusa da maigidana ya kafa muna rataya faifai, ya nufi katangar waje, daidai itacen fitilar mai gadi. Ƙusar nan sau ɗaya na taɓa ta, sai da ta yar da ni.

Na kama hannun maigidana na nuna masa. Na ce akwai abin da aka binne a cikin bangon nan, yana kai wa fitilar ƙofa wuta daga kanti, ya roƙi Bature a fasa a gani. Ya kalli zanen gawayin, ya kalle ni, idanunsa suka cika da ƙwalla. Ya ce wutar Bature a cikin kwalba take zama, me zai kai ta cikin ƙasa, kuma in ya je wa Bature da zancen matarsa mai taɓin hankali, gobe wani ne zai riƙe ma'auni. Ba mugun mutum ba ne, Allah Ya jiƙansa. Ya ga matarsa tana lasar yatsa tana zane a bango, me kuke so ya ɗauka?

Ana gobe za a zo ɗaukar yarinyar, an yi ruwa da la'asar, tsakar gida ta jiƙe sharkaf. Inna ta idar da sallar magariba, ta tashi daga kan buzu ba ta nemi dangarafanta ba. Ta tsaya tana kallon zanen gawayin da na yi a bango. Ta ce ba za ta bari ƙannen mijina su zo su ga wannan su tafi da ni a baki ba, ciwo ba abin kunya ba ne amma ba a baje shi a bango. Ta ɗebo ruwa a tasa da tsumma. Sannan ta yi abin da ta daɗe ba ta yi ba: ta kwance goyon ta miƙo mini ɗiyata, ta ce in riƙe mata ita ta gama, amma kada in kuskura in ba ta nono.

Edita, nan ne inda nake so jikata ta rubuta daidai, kada ta gyara mini. Ina jin ƙugin injin. Na ga ƙafafun Inna tsirara a cikin ruwa. Na san inda layin ya bi fiye da yadda na san tafin hannuna. Na ce mata Inna ki bari sai da safe, ki nisanci ƙusar nan. Na faɗa, Allah Ya sani na faɗa. Amma a hankali na faɗa, kamar mai gudun tayar da mai barci, kuma ban tashi daga inda nake ba. Ɗumin yarinyar yana ƙirjina, tana lalubena da baki. Na san in na ɗaga murya ko na zabura, za a ce abin ya motsa, a fizge ta. Kuma akwai wani ɓangare na zuciyata, ba zan ɓoye shi ba yau, da ya ce a bar ta ta ɗan ji abin da nake ji, ko da tsikari ne, ta san ba ƙarya nake yi ba. Inna ta ce in yi mata shiru, ta goge zanen da ke ƙasa tana ɗan yarfa hannu tana mitar cinnaku, sannan ta yi ɗage za ta kamo na sama, ta riƙe ƙusar don kada ta zame.

Ba ta yi ihu ba. Jikinta ne ya sanƙare yana kakkarwa, hannunta ya ƙi sakin ƙusar. Na ajiye yarinyar a kan buzu, na suri taɓarya na maka wa hannun da iyakar ƙarfina, ta faɗi. Daidai nan maigidana da mai gadi suka shigo, abin da suka gani shi ne mahaukaciya tsaye da taɓarya a kan surukarta. Suka danne ni, suka ɗaure ni da igiyar buhu a jikin turmi. Ina ɗaure ina roƙonsu kada kowa ya taɓa bango, ba wanda ya waiwaye ni.

Sai da gari ya waye Inna ta buɗe ido. Tafin hannunta ya ƙone, ƙashin ya karye, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta tambayi inda nake. Da aka faɗa mata, ta ce a kwance 'yar mutane, lafiyarta ƙalau, abin yana nan a cikin bango, ita ma ya kama ta. Ta ce a ba ni ɗiyata in shayar da ita a gabanta tana gani. Aka kawo ni, na zauna a gefen shimfiɗarta, yarinyar ta kama. Inna ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce in yafe mata, na gaya mata gaskiya ba ta ji ba. Na ce na yafe. Ban iya buɗe baki na nemi tawa yafiyar ba. Ba ta ga ƙarshen makon ba.

Bayan an yi sadakar uku aka kira magina suka fasa bangon, suna bin ragowar gawayina. Waya ce, ba ta kauce wa layin ba ko da faɗin yatsa. Wani Bature da ya riga wannan zama a kantin ne ya sa aka ja ta a jikin bango, masu yaɓe kuma suka ga tana ɓata musu aiki suka shafe ta da ƙasa, shekara ta bi shekara aka manta. Gara ta cinye ƙyallen da aka naɗe ta da shi, ƙusar maigidana kuma ta shige ta gefenta.

Yanzu ina ganin jikokina suna gina gidaje, ana tura waya cikin bango a shafe da siminti, in na tambaye su ta ina ta bi sai su ce Kaka ta fara. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ka kafa ƙusa a bangon da ba ka san cikinsa ba, kuma in bango ko ƙarfe ya tsikari wani a gidanka, ko yaro ne ko wadda kuke ganin ba ta cika hankali ba, a kashe wutar a nemo masu aikinta, kada a gwada da hannu kamar yadda na yi. In kuwa kai ne ka san inda haɗarin yake, ka faɗa da ƙarfi, ko da za a ɗaure ka. Ɗiyata ta girma a hannuna, ta yi aure, ta haifi wannan da take rubuta muku. Duk dangi sun san cewa na gargaɗi Inna ba ta ji ba, ita ma da haka ta tafi. Ni kaɗai na san ƙarfin muryar da na yi gargaɗin da ita.