Malam Zainulabidin Mai Dangwali da Tambayar da Bai Amsa Ba

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Zainulabidin a shekarar 1952 Miladiyya, a wata ruga da ke gabas da garin Aujara a ƙasar Jahun. Mahaifinsa shi ne Modibbo Abdulrauf, makiyayi kuma malamin tauhidi, mahaifiyarsa kuwa Inna Adawiyya. Gidansu gidan kabbe ne, wato karatun tauhidi da Fulatanci wanda ake haddacewa da ka, kuma Modibbo ya tafi a kan cewa wajibi ne baligi ya san hujjar imaninsa. Saboda haka ya kafa wata al'ada a gidansa: karsanar da ake yi wa yaro alkawari ranar suna ba ta zama tasa sai ranar da ya kawo dalili na hankali, nasa na kansa, a kan samuwar Allah.

A daminar 1963, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, Zainulabidin ya kawo nasa dalilin daga dangwali, doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera 'yan maruƙa a jikinta. Ya ce kowane maraƙi maɗaurinsa ne ke riƙe da shi, maɗaurin kuma igiya ce ke riƙe da shi, amma in babu turke a ƙarshe, komai tsawon igiyar maruƙan za su ja ta su shige dawar mutane. Haka duniya take: ɗa daga uba, ciyawa daga ruwa, ruwa daga gajimare, dole a tuƙe ga Wanda ba a ɗaure Shi da komai ba. Modibbo ya ce malamai sun riga shi da ɗaruruwan shekaru, suna kiran abin ɓacin tasalsuli, wato ba zai yiwu jerin sababai ya tafi ba iyaka ba, amma tunda a wajen maruƙa ya tsinto, karsana ta zama tasa. Daga ranar aka laƙaba masa Mai Dangwali.

Neman Ilimi da Aiki

Bayan saukar Alƙur'ani ya shiga firamare a makare, a 1964, sannan ya wuce kwalejin horon malamai a Kano, ya kammala a 1976. A 1983 ya koma Kano karatun difloma, inda ya haɗu da ilimin manɗiƙi da falsafa, ya karanta hujjojin masu musun samuwar Mahalicci da irin zumuɗin da wasu ke karanta wasiƙar budurwa. Ya koyar da Larabci da addinin Musulunci a Aujara da Kiyawa, kuma bayan ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 aka mayar da shi Dutse, ya zauna a unguwar Limawa har ya yi ritaya a 2011.

Ɗalibansa sun shaide shi da adalci wajen muhawara, domin yakan shimfiɗa hujjar abokin jayayya fiye da yadda mai ita zai iya, kafin ya warware ta. Aibinsa guda, wanda ko masoyansa ba su ɓoye ba, shi ne ya ɗauka babu damuwar da hujja ba ta magani.

Aure da Zuriya

A 1977 ya auri Hajiya Hadiyya, 'yar Malam Muntaka manomi a Kiyawa, suka zauna shekara arba'in da shida cikin rufin asiri. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, na farinsu Ikrima, wanda aka haifa a 1979. Malam ya raya al'adar karsana ko da yake shanun suna ruga a hannun yayansa, Alhaji Ɗanmusa. Ikrima ya karɓi tasa yana ɗan shekara goma ta hanyar maimaita dalilin dangwali kalma da kalma, daɗi kuma ya rufe uban har ya manta cewa sharaɗin Modibbo shi ne yaro ya kawo nasa.

Jarrabawar Shekarar 2010

Ikrima ya zama ma'aikacin jinya a Kiyawa. A watan Afrilun 2010 'yarsa Zinariya, mai shekara huɗu, ta rasu a hannunsa bayan kwana takwas tana fama da ciwon sikila. A rana ta uku ta zaman makoki a gidan Limawa, bayan jama'a sun watse, ya ce wa mahaifinsa: “Baba, na yarda igiya tana da turke. To Mai turken yana jin kukan maraƙin kuwa? In yana ji, kuma yana da iko, me Zinariya ta yi?”

Malam ya gyara zama, ya amsa masa da darasin sa'a ɗaya da rabi, da muƙaddima da rabe-rabe da natija. Ikrima ya saurara har ƙarshe, ya sa takalmansa ya fita, ya kuma shekara biyu bai taka gidan ba. Maganar ta isa ruga, inda Alhaji Ɗanmusa ya yanke cewa yaro ya bar hanya, ya nemi a fitar da shanunsa daga garke, a kuma daina lissafa shi cikin 'ya'yan gidan. Malam ya shiga baƙin ciki ƙwarai, amma bai gane kuskurensa ba sai da Hajiya Hadiyya ta gaji ta ce masa: “Malam, yaro ya kawo maka ciwo, ka ɗauke shi ɗalibi.”

A watan Yunin 2012 ya hau acaɓa zuwa Kiyawa. Ya zauna da ɗansa daga Azahar zuwa La'asar bai kawo hujja ko ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinsa, sannan ya roƙi a kai shi kabarin jikarsa, ya yi mata addu'a, ya yi kuka.

Zaman Juma'a

Daga nan ne aka fara zaman da ya ɗauki shekara goma sha ɗaya, kowace Juma'a bayan La'asar, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Limawa, da kindirmo a tsakaninsu. Ikrima ya ce in komai na buƙatar sababi, me ya keɓe Mahalicci? Malam ya ce turken da ke buƙatar wani turke maɗauri ne kawai, ba turke ba. Malam ya kafa hujja da maraƙin da ke gano hantsar uwarsa ba tare da an koya masa ba. Ikrima ya ce ilimin halittu yana bayyana wannan da gadon ɗabi'a cikin dogon zamani, maruƙan da ba su gano ba sun mutu ba su bar zuriya ba. Malam ya nemi sanin wanda ya shimfiɗa ƙa'idar gadon tun farko. Wannan batu shi kaɗai ya ci damina biyu. Ikrima ya tambayi dalilin ɓuyar Wanda yake son a san Shi, Malam ya ce da an gan Shi da ido da babu sauran zaɓi. Malam ya kuma ce fushin Ikrima a kan wahalar marar laifi shaida ce cewa zuciyarsa ta san akwai mizanin adalci, Ikrima ya ce son a yi adalci ba ya tabbatar da alƙali.

A kan Zinariya kuwa Malam bai ƙara yin darasi ba. Duk sa'ad da aka zo nan sai ya ce ya yi imani akwai hikima, amma shi bai san ta ba. Ikrima bai bar salla ba, bai kuma taɓa cewa ya gamsu ba, domin ba mai faɗin abin da ba ya zuciyarsa ba ne. Da Alhaji Ɗanmusa ya sake tayar da maganar cire shi a 2016, Malam ya ce wa yayan nasa: “Hamma, mai tambaya daban, mai musu daban. A gidan Modibbo shi kaɗai ne yake neman nasa dalilin da gaske.” Shanun Ikrima suka ci gaba da kiwo cikin garke. Malam ya sha faɗa cewa waɗannan shekaru su ne mafi daɗi a rayuwarsa.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Malam Zainulabidin rasuwa da hantsin Juma'a, 10 ga Nuwamba, 2023, a gidansa na Limawa, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa salla bayan La'asar, daidai lokacin zamansu, aka binne shi a maƙabartar unguwar. Bisa wasiyyarsa, Ikrima ne ya shiga kabari ya karɓe shi, ya kwance ɗaurin likkafani, kuma shi aka miƙa wa tsohon dangwalin Modibbo da Malam ya adana shekara sittin.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Hadiyya, da jikoki goma sha bakwai, da 'ya'ya biyar, waɗanda ya jera sunayensu da hannunsa a takardar wasiyya don kada wani ya rage: Ikrima, da Mashkura, da Mujahid, da Umaima, da Habibullahi. A gaban sunan farko ya rubuta: “Ɗana ne, kuma abokin karatuna. Tambayarsa guda ban amsa ba. Na tafi inda ake amsa ta.” Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da jikarsa Zinariya cikin rahamarsa.