Wa Zai Amsa Musu Bana, Saje Ding?

Ranar Talata sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ɗanka Jianye ya buga mini ƙofa ya ce ka rasu, ciwon huhun nan da ya daɗe yana sa ka tari ya gama da kai. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Rubutun nan sai a yi haƙuri da shi, a soja na koyi baƙaƙe, kai ka koya mini, da zagi.

Saje Ding Wancang, tare muka fasa duwatsun lardin Gansu muna haƙa wa jirgin ƙasa rami, har ranar da rufin ya zubo kan mutanenmu. Muka binne su a gefen layin dogo, muka kafa wa kowa katako da sunansa.

Sai shekarar da shugaban ƙasa ya ce a rage soja miliyan guda. Aka tara mu aka ce babban yaƙi ba ya kusa, rundunar ta yi ƙiba, abin da take ci gara a zuba shi a masana'antu. Aka naɗe tutarmu, aka soke lambar bataliyarmu, muka ciro jan tauraro daga hula muka miƙa. Wasu suka koma ƙauye suka tarar an raba gonaki ba da su ba. Manjonmu ya ƙare yana gadin kasuwa.

Kai ka ce shugaban ya yi daidai, ƙasa ba ta ƙoshi da bindiga. Ni ban yarda ba, yau ma ban yarda ba. Kakan ce, "Tsoho Yang, alfadarin bataliya ya fi ka jin magana." Amma da aka ba ka aiki a birni ka ƙi. Ka ce bataliyar da ba ta da lamba ba mai share mata kabari, ka karɓi gadin layin dogo kusa da kaburburan mutanenmu.

Katakan suka ruɓe, ofishin da zai sake su babu shi. Kai kaɗai ka san tudun wane ne wanne, har ka cusa mini a ka. Da tsohuwar Xiao Pei, ɗaya daga cikin waɗanda muka binne, ta zo daga lardin Sichuan da tulun yajin da ɗanta ke so, ba ka yi dube-dube ba, ka kama hannunta ka kai ta kabarinsa.

Duk shekara ranar share kaburbura kakan kunna wa kowannensu sigari, kai da ba ka taɓa sha ba, liman yana ta ƙorafi. Sannan ka ƙame ka kira suna ɗaya bayan ɗaya yadda ake yi a fareti, ni ina amsa musu, wato a madadinsu: "Ina nan."

Ranar ta kusa. Kiran zan iya, sunayen suna kaina. Mai amsawa ne babu.

Allah ya jiƙanka, Saje, ya yafe maka, ya yalwata maka kabari. Ya ba matarka Guilan da 'ya'ya haƙuri.

Jianye, na san ka ce wannan aikin tsofaffi ne, kuma kantinka ba ya rufuwa. Ka zo ka tsaya inda nake tsayawa, ka ji sunayen ko sau ɗaya. In ba ka zo ba zan kira in amsa da kaina, har da na ubanka a ƙarshe. Sai dai tarin da ya kai shi kabari, ni ma na fara shi.